Tafiyar keke a duwatsun Kirgistan da kwana wurin makiyaya: akwai wanda ya taɓa yi?

Sarkin_Feda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka taɓa fita waje da keke. Ni a Kano nake, duk Asabar bayan sallar asuba mukan fita da abokaina mu kama hanyar Wudil ko ta Gwarzo, mu juyo kafin rana ta buɗe. Tun bara nake ajiye 'yan kuɗi saboda wata tafiya da ake shiryawa a Kirgistan, can tsakiyar Asiya. Tsarin shi ne a haɗu a Bishkek, babban birnin ƙasar, mota ta kai mutane garin Kochkor, daga nan a hau keke a haura duwatsu zuwa tafkin Son-Kul. Akwai ɗan jagora, akwai motar da ke biyo baya da kaya. Wani daren a kafa tanti a bakin rafi, wani daren a kwana wurin makiyayan da ke kiwo a can sama.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, anya wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar kwalta zai iya? Na biyun ya fi damuna. Mutanen nan suna can suna fama da dabbobinsu, sai ga mu da kekuna da wayoyi mun sauka a kansu, mu ci, mu sha, mu ɗauki hoto. Taimakonsu muke yi ko nauyi muke ɗora musu? Kuma kuɗin da zan biya yana isa hannunsu kuwa?

Bakatsine_a_Istanbul:
Wa alaikumus salam. Na bi wannan hanyar, kuma da keke. Bari in fara da ta jiki. Kochkor yana wajen mita 1,800 sama da teku, tafkin Son-Kul kuwa mita 3,016. Kafin ka ga tafkin sai ka tsallake wata mashiga a kan dutse da ake kira Kalmak-Ashuu, ita ta haura mita 3,400. Ba kwalta, tsakuwa ce da jar ƙasa, hanyar tana nannaɗewa tana hawa. A ƙarshen hawan yawancinmu sauka muka yi muna tura keken, taku kaɗan a tsaya a yi haki. Ɗan jagoranmu ya ce ba wani abin kunya ba ne, har waɗanda suka zo daga ƙasashen duwatsu turawa suke yi a wurin.

Amma da ka leƙa ɗaya gefen, Malam, sai ka manta da wahalar. Fili ne kore shar, ba itace ko ɗaya, tafki a tsakiya, duwatsu sun kewaye shi, fararen tantuna a warwatse, dawaki kuwa garke-garke ba mai ɗaure su. Tantin nasu zagayayye ne, ƙirar katako aka lulluɓe da kauri-kaurin gashin tumaki da aka daddanne, a tsakiyar rufin akwai taga mai zagaye inda hayaƙi ke fita. Hoton wannan tagar ne ma a jikin tutar ƙasarsu. Da yake ba itace, busasshen kashin dabbobi suke hura murhu da shi, kuma yana ɗumama ɗaki sosai. Sai dai kafin asuba wutar ta mutu. A watan Yuli ne, amma da safe ciyawa ta yi fari da ƙanƙara, ruwan butata ma ya fara daskarewa.

Zaka iya, in ka shirya. Tambayarka ta biyu kuma zan dawo kanta, yanzu ina wurin aiki.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya kwashi dala a wannan marra ya tafi wata uwa duniya kallon makiyaya ba. Makiyaya ne ba mu da su? Duwatsu ne ba mu da su? Ga Mambila nan. Kuɗin jirgi kaɗai ya ishe ka ka zagaye Taraba kai da abokanka duka, kuma kuɗin ya tsaya a aljihun naka.

Ɗan_Gembu:
Na ji daɗi da aka ambaci garinmu, kuma ƙofa a buɗe take. Amma a faɗi gaskiya, ba abu ɗaya ba ne. Tsaunin Mambila yawancinsa wajen mita 1,600 ne. Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ka ga ke nan bakin tafkin da Malam Sarkin_Feda zai kwana ya fi ƙololuwarmu da kusan mita 600. Sannan Fulaninmu na kan tsauni yawancinsu zaunannu ne, suna da gidajensu da filayen kiwonsu, ba masu tashi da ɗaki ba ne. In kana son waɗanda ke can cikin duwatsu sai ka shiga gandun Gashaka-Gumti, shi kuma sai da izini daga ofishinsu na Serti, a haɗa ka da ma'aikatan gandu.

Abin da zan ce, ka zo ka gwada ƙafarka a nan tukuna. Hawan da ke tashi daga Mayo Selbe zuwa Maisamari zai gaya maka matsayinka. Daga nan ka bi ta Nguroje ka iso Gembu. Disamba zuwa Fabrairu ya fi, don damunarmu doguwa ce kuma laka ba ta da kirki.

Likitar_Jini:
Ɗan'uwa, kafin ka biya ko sisi, ka san rukunin jininka? Ba A ko O nake nufi ba, gwajin sikila nake nufi. Wannan maganar ba lallai ka same ta a takardun masu shirya tafiyar ba, saboda yawancin baƙinsu ba daga yankinmu suke ba. Mai AS yana rayuwarsa lafiya lau a Kano, yana ƙwallo, yana keke. Amma a kan dutse mai tsawo iska ta yi ƙaranci, ga aikin ƙarfi, ga ƙishirwa, jinin na iya cushewa a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. In haka ta faru, saukowa ake yi nan take a nemi asibiti. Mai SS ko SC kuwa ba na ba shi shawarar wannan tafiya sam.

Ko AA ne kai, akwai ciwon tsauni da ke kama kowa. Daga mita 2,500 yake fara nuna kansa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin barci. Kano ba ta kai mita 500 ba. A mita 3,000, iskar da ke shiga ƙirjinka a numfashi ɗaya kusan kashi 70 cikin 100 ce ta wadda ake samu a bakin teku. Ƙarfi ba ya kare mutum daga wannan, sau da yawa ma matasa masu ji da kansu ne suke faɗawa saboda gaggawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce, in an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ka duba jadawalinsu da kyau. In daga Kochkor za a ɗauke ku a kwanar da ku bakin tafki a rana ɗaya, ka tambaye su me ya sa. Akwai maganin da ake sha don rigakafi, amma likitanka ne zai rubuta maka bayan ya duba ka.

Sarkin_Feda:
Allah Ya saka da alheri, Likita. Wallahi wannan ko a mafarki bai zo mini ba. Gobe in Allah Ya kai mu zan je a gwada.

Mai_Faci_Fagge:
Ni nawa na keke ne. Irin siririyar tayar da kuke gudu da ita a hanyar Wudil ba za ta yi ba. Kana buƙatar faffaɗar taya mai ƙurji, da giya mai laushi sosai wadda za ka riƙa juya feda ba tare da ka miƙe tsaye ba. Birki kuma na faranti. Kowa hawa yake tsoro, amma gangare ne ke cinye birki, kuma shi ne ke karya ƙashi. Ka tafi da robar birki ta canji, da kayan faci, da famfo, da ɗan mahaɗin sarƙa, da ɗan ƙarfen nan da giyar baya ke rataye a jikinsa, don kowane keke da irin nasa, ba za ka samu a ƙauye ba. In kekensu za ka yi haya, to ka cire sirdinka ka tafi da shi. Kuma ka zo shago ka zauna ka koyi gyaran sarƙa da hannunka kafin ka tafi, kyauta zan koya maka.

Ɗan_Ardo:
Kowa ya kama maganar jiki da ta ƙarfe, an bar tambayar da mai tambaya ya ce ta fi damunsa. Ni a ruga aka haife ni, sai da na yi wayo aka kawo ni makaranta. Bari in gaya muku yadda saukar baƙo take a wurin makiyayi.

Baƙo in ya zo, maigida ne ke zama da shi a inuwa, shi ake yi wa godiya, shi ake ɗauka a hoto. Amma wadda ta tashi tun duhu ta yi tatsa, ta tafi rafi da tulu, ta dama fura, ta wanke ƙwarya, ba a ganinta. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, in baƙi suka kwana, nonon da za ta kai kasuwa washegari shi ake ba su. Ba za ta taɓa faɗa ba, kuma in ka miƙa mata kuɗi ba za ta karɓa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Wannan nonon kuwa shi ne gishirinta da sabulunta na mako. Baƙo ya tafi yana yabon karamcin Fulani, bai san abin da ya ci ba.

Saboda haka ni a ganina, inda aka yanka farashi a fili, aka ce kwana kaza ne, abinci kaza ne, ya fi adalci a kan a dogara da karamci. Sharaɗi ɗaya: kuɗin ya shiga hannun wadda ta yi aikin. In kamfani ne a birni zai karɓe ya miƙa wa maigida abin da ya ga dama, to an ci da guminta sau biyu.

Baiwar_Allah_Almaty:
Baffa Ɗan_Ardo, Allah Ya jiƙan Inna. Maganarka ta taɓa ni. Ni karatu nake a Kazakistan, Bishkek ba ta da nisa da mu, kuma na je Kochkor da Son-Kul da hutu, amma a mota da doki, ba da keke ba. Abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da aka yi ƙoƙarin gyarawa a can. A shekarar 2000 aka fara wani tsari a Kochkor, da tallafin ƙungiyar Helvetas ta Suwizalan, inda mutanen gari da kansu suke haɗa ƙungiyar karɓar baƙi. Ana kiransa CBT, kuma a 2003 ƙungiyoyin garuruwa suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa. Akwai ofis a gari, farashi a rubuce, a tura ka gidan wane ko tantin wance.

A inda na sauka uwargidan ce ke riƙe da littafin baƙi, ita na biya hannu da hannu. Ta nuna mini irin dardumar gashin tumakin da suke yi, ana ce mata shirdak, ana yanka zane a launi biyu a ɗinke su ciki da ciki. Hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin waɗanda ake tsoron ɓacewarsu a 2012. Mata ne ke yi, kuma baƙi ne manyan masu saye. 'Yarta da ke jami'a a Bishkek ita ke yi mana tafinta, hutun bazara take zuwa taya uwarta.

Amma aikin yana nan yadda ka faɗa. Goɗiya ba kamar saniya ba ce da za a tatsa safe da yamma a huta. Kusan duk bayan awa biyu sai an tatse ta, kuma sai an kawo ɗan dukushinta ya fara tsotsa kafin ta saki nono. Matar nan ta durƙusa da gwiwa ɗaya, bokiti a kan ɗayar, ta gama ta taso ta dafa mana shayi, ta toya burodi, ta koma. Ban ga ta zauna ba sai bayan isha'i.

Gaskiya_Ɗaci:
To kun gani. Ta tashi daga makiyayiya ta koma mai otal. Wannan shi ne ci gaban?

Bakatsine_a_Istanbul:
Na dawo. Malam Gaskiya_Ɗaci, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. Iri biyu na gani a bakin tafkin. Akwai sansanin da tantuna ne jere reras, da ɗakin cin abinci, da makewayi, ba ko akuya a kusa. Wannan otal ne kawai aka yi masa siffar ruga. Akwai kuma iyalin da suka hau da garkensu, suka kafa tanti ɗaya ko biyu na baƙi a gefen nasu. Su kiwo ne ya kai su, baƙi ƙari ne.

Kuma a gane, mutanen nan ba yawo suke yi shekara cur ba. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet, a shekarun 1930, aka tilasta musu zama wuri ɗaya aka haɗe dabbobi a gonakin gwamnati. Bayan samun 'yanci a 1991 aka raba dabbobin ga jama'a. Yanzu suna da gidaje a ƙauyukan ƙasa, wajen watan Yuni su hau dutse, Satumba su sauko kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Da yawansu ma dabbobin maƙwabta suke haɗawa da nasu, ana biyansu kan kowace dabba. Mai masaukinmu ya ce haura da iyali da kaya har can sama kuɗi ne, mota ce ake ɗauka haya, kuma abin da baƙi ke kawowa na daga cikin abin da ke sa hawan ya biya. Wanda ba shi da hali sai ya tsaya kusa da ƙauye, nan kuma ciyawa ta riga ta ƙare saboda yawan dabbobi.

Sarkin_Feda, ka tambayi masu shirya tafiyar kai tsaye: gidan wa za mu kwana, yana da dabbobi a wurin, wa ake biya, ɗan jagoran ɗan ƙasa ne? Wanda ke da gaskiya zai amsa maka ba kwana-kwana.

Madugu_Agadas:
Salamu alaikum. Ni dattijo ne a cikinku, ɗana ne yake rubuta mini. Na yi aikin jagora a duwatsun Abzin lokacin da jiragen baƙi ke sauka Agadas kai tsaye daga Faransa. Mun kai su Timiya, mun kai su Iferwan, mun hau Bagzan da jakuna. Lokacin gasar motocin Paris-Dakar na ratsa ƙasarmu. Kuɗi ya shigo, ba ƙarya. Maƙeran azurfa sun samu, masu raƙuma sun samu, direbobi sun gina gidaje.

Sai tawaye ya dawo a 2007, sannan aka sace ma'aikata a Arlit a 2010. Ƙafa ta ɗauke ɗif. Abin da idona ya gani shi ne wannan: wanda ya riƙe raƙumansa da awakinsa da garkarsa, ya ɗauki baƙi a matsayin ƙari, ya koma ga abinsa ya ci gaba da rayuwa. Wanda ya sayar da dabbobi ya sayi mota saboda baƙi, shi ne ya shiga uku. Wasu sun tafi Libiya, wasu sun tafi haƙar zinariya a Jado.

Don haka yaro, ka je. Kuɗinka halal ne gare su. Amma ka zaɓi gidan da in baƙi sun daina zuwa gobe, tukunyarsu ba za ta sauka ba. In kuɗinka ya taimaki mutum ya riƙe garkensa, ka yi alheri. Ba na son ya zama abin da zai raba shi da garken.

Ɗan_Ardo:
Baba Madugu, Allah Ya ƙara girma. Wannan ita ce maganar.

Almajirin_Zaure:
Allah gafarta malamai, akwai abin da aka wuce da sauri. An ce nonon goɗiya. Na ji kuma ana tsamar da shi har ya ɗan yi ƙarfi, sannan suna cin naman doki. Mu a mazhabar Imamu Malik, Risala ta kawo hanin cin naman jakin gida, ta ce doki da alfadari sun shiga ciki, saboda faɗin Allah a Suratun Nahli aya ta 8 cewa an halicce su don a hau da kuma ado. A Muhtasar kuma nonon dabba hukuncin namanta yake bi. Ɗan'uwanmu ya san wannan kafin a miƙo masa kwano.

Abu_Sumayya:
Malam, a ƙara da cewa mas'alar akwai saɓani. Hadisin Asma'u 'yar Abubakar yana cikin Buhari da Muslim, ta ce sun soke doki a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ci. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta. Mutanen Kirgistan Musulmi ne, Hanafiyya suke bi, kada ɗan'uwa ya je yana yi musu kallon masu cin haram. Inda na tsaya tare da kai shi ne tsamammen nonon. In yana bugarwa idan an sha da yawa, to kaɗan ɗinsa ma a bar shi.

Almajirin_Zaure:
Ban ce ya yi musu wa'azi a ɗakinsu ba. Na ce ya san abin da ke kansa shi.

Baiwar_Allah_Almaty:
Tsamammen nonon goɗiyar sunansa kimiz, kuma gaskiya ne akwai ɗan abin maye a ciki, yana ƙaruwa in ya kwana biyu. Ni ban sha ba. Na dafa ƙirji na yi godiya, aka kawo mini kindirmon saniya da shayi, ba wanda ya ɓata rai. Abin da ba a ƙi shi ne burodi. Ko sauri kake, ka gutsura ka kai baki. Kada ka kife shi, kada ka jefar. Ka cire takalmi a ƙofa, kada ka taka dokin ƙofa, kuma wurin da ke fuskantar ƙofa daga ciki na manya ne da baƙi, sai an nuna maka ka zauna. In an gama ci kowa zai ɗaga hannu a shafa fatiha, nan za ka ji kamar kana gida. Nama kuwa yawanci na tunkiya ne, in kana shakka ka tambaya.

Wani abu: alƙibla can kudu maso yamma take, ba gabas ba. Jikinka zai riƙa juya ka gabas, ka dogara da na'ura ko ka tambayi masu gida.

Likitar_Jini:
Tunda an zo kan nono, duk wanda ba a tafasa ba a bar shi. Cutar da makiyayanmu ke kira bakkale tana da yawa a can, ta ɗanyen nono take kama mutum, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Ruwan rafi ma komai kyansa a tace ko a tafasa, dabbobi na sha daga sama. Ka kuma yi maganar allurar cizon kare da likitanka.

Mai_Faci_Fagge:
Likita ta tuna mini. Karen makiyayi ba ya son keke. Kada ka ce za ka tsere masa, a kan tsakuwa faɗuwa za ka yi. Ka tsaya, ka sauka, ka sa keken tsakaninka da shi, ka jira mai shi ya kira shi.

Ɗan_Ardo:
Kuma ba kare kaɗai ba. Keke ba shi da ƙara, dabba ba ta jin zuwansa sai ya iso kanta, sai ta firgita. Garken da yaro ya sha wahala ya tattara, mutum biyar a guje za su watsa shi cikin ƙiftawar ido, su wuce ba su ma san sun yi ɓarna ba. In ka hango garke ka rage gudu, ka yi magana da ƙarfi su ji muryar mutum, ka zagaya ta gefe. Kada ka ratsa tsakanin uwa da ɗanta. Kada ku kafa tanti a mashaya, dabba ba za ta sauko ba in ta ga baƙon abu. Leda da gwangwani ku kwashe abinku, saniya na haɗiye leda ta mutu. Sannan kada ka tambayi mutum dabbobinsa nawa. Mu dai a wurinmu ba a yi. Ka tambayi lafiyarsu, ya fi.

Bakatsine_a_Istanbul:
Can ma a gaisuwarsu ta gargajiya har lafiyar dabbobi ake tambaya. Hoto kuma ka nemi izini, musamman na mata. In ka ɗauka ka nuna musu, ka karɓi lamba ka tura musu in ka sauko inda akwai sabis.

Malamin_Gona_Zariya:
Ni abin da ya ja hankalina daban ne. Yaya aka yi garke ke hawa da sauka duk shekara ba a jin rikici irin namu? Na karanta cewa a 2009 sun yi dokar makiyaya wadda ta bar filayen kiwo a hannun hukuma, ba a sayar wa kowa, ta kuma ba kwamitocin masu kiwo na kowane yanki ikon tsara amfani da su da karɓar kuɗin kiwo. Mu ma muna da dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa tun 1965, ga burtali da kakanni suka shata, amma gona da gini sun cinye da yawa. Sarkin_Feda, in ka je ka tambayo mana yadda abin yake a aikace, don takarda daban, ƙasa daban.

Ɗan_Gembu:
Malam, a can sama ba a noma, sanyi ba zai bari ba, shi ya sa ba manomin da ke jayayya da su a kan filin. Mu a Mambila manomi da makiyayi ƙasa ɗaya suke so, kuma kowa ya san rikicin da ya faru tsakaninsu a 2017. Ba na son a buɗe wannan babin a nan. Amma shi ya sa nake ganin in irin wannan yawon keke zai zo mana, to a tsara shi yadda ƙauyen manoma zai samu, ruga ma ta samu. In gefe ɗaya ne ke karɓar baƙi, wani sabon abin faɗa aka kawo.

Gaskiya_Ɗaci:
Har yanzu ban gamsu ba. Duk abin da kuka lissafa, mutum ne mai hali yake biya don ya kalli rayuwar wanda bai kai shi hali ba. Ku gyara shi yadda kuke so.

Baiwar_Allah_Almaty:
Yaya, wa ya ce maka ba su kai shi hali ba? Mai garken dawaki a can ba talaka ba ne. Kuma kallon ba gefe ɗaya yake ba. Ni tambayoyi aka yi ta yi mini har dare: me muke kiwo, nawa ake sadaki, da gaske ne ba ma ganin dusar ƙanƙara. Da na nuna wa tsohon gidan hoton hawan sallar Kano a waya, riƙe wayar ya yi yana duba kwalliyar dawakin ɗaya bayan ɗaya, ya kira 'ya'yansa su zo su gani.

Sarkin_Feda:
Na gode ƙwarai, jama'a. Na je asibiti, AA ne, alhamdu lillahi. Na tura wa masu shirya tafiyar tambayoyin da Bakatsine ya ba ni, har da ta jadawalin hawa. Sun amsa ta ɗan jagora, sun ce ɗan Naryn ne, can cikin Kirgistan, amma ta wa ake biya ba su ce komai ba tukuna. In ba su amsa ba zan nemi ofishin Kochkor da 'yar'uwa ta ambata in ji ko su suna haɗa tafiyar keke. Malam Gaskiya_Ɗaci, maganarka ba ta fita daga raina ba, ban dai sami amsarta ba.

Ɗan_Gembu, da gaske kake maganar Disamba? Mu huɗu ne muke so mu zo.

Ɗan_Gembu:
Da gaske nake. Ku taho da rigunan sanyi, kuma ku kwana a Serti ku kama hawan da sassafe. Sai dai ku sanar da ni da wuri in yi magana da Arɗon da za mu sauka wurinsa, in ji ko ya yarda, da kuma abin da za a ba matan gidan.

Ɗan_Ardo:
Ka tambayi matan da kansu, ba Arɗo kaɗai ba. In da hali ka tura matarka ta ji daga bakinsu, don a gabanka ba za su faɗa ba.

Mai_Faci_Fagge:
In akwai wuri a motar ku sa da ni. Zan taho da akwatin kayan gyara.